Ruwan Randarmu: Nasiha ga Matasan Pauwa

Ƙannena da 'ya'yana, a duk gidajen Pauwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Ɗansabau har 'Yargoje, haka nan a 'Yankara da Sheme ta ƙasar Faskari, ko a Damari ta ƙasar Sabuwa, an san wanda yake ɗebo ruwa. Ba maigida ba ne, ba kuma tsohuwa ba ce. Yarinya ce mai shekara goma sha biyu da bokiti a ka, ko saurayi da jarkoki ɗaure a bayan babur, ko almajirin da ake ba ɗan tuwo ya cika randa. Ku kuke zura guga, ku kuke wanke jarka ko ku ƙi wankewa, ku kuke miƙa wa ƙanenku moɗa idan ya yi kukan ƙishirwa. Saboda haka maganar ruwan sha, kafin ta zama ta gwamnati ko ta likita, taku ce, kuma da ku nake so in yi ta.

Abu na farko da zan roƙe ku shi ne ku daina yarda da ido a kan ruwa. Mun taso da karatun tsarki, malamanmu sun koya mana a Ahalari da Ishmawi cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, idan babu wanda ya jirkita to ruwan yana da tsarki, a yi alwala a yi wanka. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Amma tsarkin alwala daban, lafiyar ciki daban. Ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa, da taifot, da ciwon hanta, ba su da launi, ba su da wari, ba sa sauya ɗanɗano. Kofi guda na ruwa garau, mai sanyin tulu, yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da gida sukutum. Shi ya sa ruwan da ya fi ba ni tsoro ba jan ruwan kududdufi ba ne, domin wannan kowa yana ƙyamarsa, ba a shansa sai dole. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne farin ruwan rijiyar da kowa ya amince da ita.

Kusan duk waɗannan cututtuka tushensu guda ne, kuma ba zan sakaya ba: kashi ne. Bayan-gidan mutum ko na dabba ne yake samun hanya ya dawo bakin mutum. Wani ya tsuguna a bayan gari ko a gindin kara cikin rani, rana ta busar da abin, aka manta. Ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, ya kwashe duk abin da ya tarar ya gangara da shi ƙorama da tafki da rijiyar da ba ta da dakali. Ko kuwa an haƙa masai taku biyar daga rijiya saboda gida ya yi ƙunci, damina ta yi nisa, ruwan ƙasa ya taso, na masai da na rijiya suka haɗu ta ƙarƙashi babu wanda ya gani. Rijiyoyinmu galibi ba su da zurfi sosai, don ƙasarmu ta duwatsu ce, ana haƙa a tarar da dutse a tsaya, kuma irin wannan rijiya ita ta fi saurin ɗaukar ƙazanta daga sama. Ma'aikatan tsafta suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ku ƙirga taku a gidanku ku gani. Sai kuma guga da igiya, waɗanda ake yarwa a cikin caɓin bakin rijiya, inda awaki suka yi fitsari, inda takalman da suka fito daga ko'ina suka taka, sannan mai zuwa ya ɗauka ya zura.

Akwai wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, wanda ya kamata kowane mai ɗebo ruwa ya san sakamakonsa. An gwada ruwan sha a wurin da ake ɗebo shi, aka kuma gwada shi a cikin gida, a mazubin da ake sha. A wurin ɗiba, kusan kashi 77 cikin 100 an sami ƙwayar da ke nuna kashi ya taɓa ruwan. A cikin gida kuwa adadin ya haura kashi 90. Wato ko an yi sa'a ruwan ya fito lafiya daga burtsatse, a hannunmu yake lalacewa kafin ya kai baki.

Ku tsaya ku kalli randar gidanku na yini guda. Bakinta faɗi ne, murfinta faifai ne ko tsohon faranti, wani lokaci ma babu. Moɗa tana kife a ƙasa ko tana yawo a tsakar gida. Yaro ya fito daga wasan ƙasa, ya ɗauka, ya zura hannu har gwiwa, ya sha, ya mayar da sauran. Uwa ta gama yi wa jariri tsarki, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta ɗebi na dama kunu. Baƙo ya zo, an ba shi da moɗar nan, an mayar. Da safe a kawo sabon ruwa a zuba a kan kwanannen, ba a juye ba, ba a wanke ba, har gansakuka ta yi kore a gindi. Babu mugu a cikin mutanen nan, duk masoya juna ne, amma a haka cutar mutum ɗaya take zama ta gida. Ina ƙaunar randa, ba kuma zan ce a fasa ta ba, domin babu abin da yake sanyaya ruwa kamarta a bazara ba tare da wuta ba. Abin da nake nema kaɗan ne: murfi mai rufewa ruf, moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa a bango wadda aikinta ɗiba kawai, a zuba a wani kofin a sha, sannan a juye randa a wanke ta kafin a zuba sabo. Jarka ma haka, a zuba sabulu da ɗan tsakuwa a girgiza ta sosai, a ɗauraye, a bar murfinta a kanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da rufe mazubi, ya hana yin numfashi a cikin abin sha, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma tsawatar a kan yin bayan-gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Mun san hadisan nan, muna karanta su a Islamiyya. Aikata su ne ya rage.

Da yawanku kun isa tuna daminar 2021. A shekarar nan Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu. Nauyin annobar a Arewa ya sauka, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara da Katsinarmu duk sun ɗanɗana, kuma waɗanda ta fi kamawa yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14, wato tsaranku da ƙannenku. Kwalara ba ta ba da lokaci. Ƙwayar tana shiga hanji ta saki dafin da ke sa jiki ya dinga tsiyayar da ruwansa, gudawa fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai, ido ya faɗa, fata ta yamushe, ƙafafu su dinga ɗaurewa. Ƙato majiyi ƙarfi da ya yi sallar Asuba a masallaci yana iya rasuwa kafin Isha'i. Ba dafin ne yake kisa kai tsaye ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Idan an mayar da ruwan nan da wuri, cikin mutum 100 da wuya a rasa ɗaya. Idan aka bari, a cikin waɗanda ta yi wa mugun kamu ana iya rasa kashi ɗaya bisa huɗu har zuwa rabi.

Halin da yankinmu ya shiga ya ƙara wa abin muni. Rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka, mutane sun kwararo cikin Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, gidan da aka gina don mutum goma ya koma na talatin, masai ɗaya, rijiya ɗaya. Wanda ya saba zuwa rijiya mai kyau a bayan gari yanzu yana tsoron nisa, sai ya ɗebi na kusa ko da ya san ba shi da kyau. Duk inda aka sami cunkoso da ƙarancin masai, kwalara tana da wurin zama. Idan gidanku ya karɓi 'yan'uwa da suka gudo, Allah ya saka da alheri, amma ku sani tsaftar ruwa a gidan ta ninka muhimmanci.

Kwalara tana da amo, shi ya sa ake jin labarinta a rediyo. Wadda ta fi cin rai a hankali ita ce gudawar jarirai, wadda muke yi wa uzuri da cewa haƙori ne. Ina roƙonku, ku da za ku zama iyaye gobe, ku ajiye wannan magana. Fitowar haƙori ba ta sa gudawa mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya yi daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi ruwa da kunu. Ƙazantar ce take shiga. Yaron da yake gudawa wata bayan wata abinci ba ya zama a jikinsa, tamowa ta kama shi, ya tsumbure, kuma abin yana taɓa har kaifin ƙwaƙwalwarsa. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya suke nacewa a bar jariri a kan nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Kakanni suna jin abin kamar rashin tausayi, musamman a zafin bazara, amma nono da kansa akasarinsa ruwa ne, kuma shi ne ruwan da babu hannun da ya taɓa.

Taifot kuwa, wadda kowa ke cewa ita ke damunsa, ta wannan hanya ta ƙazanta take shiga, kuma idan aka yi wasa da ita tana iya huda hanji har sai an yi tiyata. Akwai kuma nau'in ciwon hanta da ke bin gurɓataccen ruwa, mai sa ido ya yi ɗorawa mu ce shawara ce. A 2017 irinsa ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, a tsakanin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, kuma mata masu ciki ya fi kashewa. Ku samarin da ke ninƙaya a kududdufi, fitsarin jinin da wasu ke ɗauka alamar balaga ce ciwo ne, tsargiya, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon-koɗi ta shiga ta fata, kuma akwai maganinta a asibiti.

Na san abin da wasu za su ce, don ana faɗa a kowace majalisa: kakanninmu sun sha ruwan tafki sun yi shekara casa'in, cikinmu ya saba. Ku je ku tambayi kakar taku 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Waɗanda muke gani da furfura su ne suka tsallake. Sauran suna maƙabarta tun ba su yi wayo ba, kuma ba a sa su cikin lissafi idan ana wannan alfahari. Sannan ku tambaye ta kurkunu. Yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba, amma iyayenku sun san shi. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi ƙurji mai zafin wuta, farar tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ta fara leƙowa, a dinga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Kuma da damina take kwantar da manomi, daidai lokacin da gona ke nemansa. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum sama da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Ba shi da allurar riga-kafi, ba shi da ƙwayar sha. Da me aka kore shi? Da ƙyallen tace ruwa da aka raba gida-gida, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, da 'yan sa-kai na ƙauye waɗanda suke zagayawa suna tunatarwa. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya dinga bin ƙauyuka da kansa. An ga na ƙarshe a jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, kuma a ƙarshen 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da shi. Ciwon da aka ɗauka ƙaddarar ƙauye ce, matan ƙauye ne suka kashe shi da ƙyalle. Duk wanda ya ce muku mutanenmu ba sa sauya hali, ku ba shi wannan labari.

To yaya ake gyara ruwa? Tafasawa ita ce mafi tabbas: ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti guda, a bar shi ya huce a rufe. Amma ba zan yi kamar ban san tsadar itace ba, ga shi dajin da ake samo shi ya zama abin tsoro. Idan ba za a iya tafasa na gida duka ba, a tafasa na jarirai da na marasa lafiya da na mai ciki, a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Akwai ruwan magani da ƙwayoyin kulorin, irin WaterGuard da Aquatabs, da ake samu a kemis ko a wurin ma'aikatan lafiya, a zuba yadda aka rubuta a jira minti 30. Ɗan warin da mutane ke ƙi shi ne shaidar yana aiki. Akwai kuma rana, wadda Allah ya ba mu kyauta: a cika farar gorar roba mai tsabta da ruwan da ba shi da dauɗa, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa shida cikin rana mai ƙarfi, kwana biyu idan akwai hadari. Alif da garin ƙwallon zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi fari, amma ba sa gama da ƙwayoyin cuta, don haka matakin farko ne kawai, sai a bi da tafasawa ko magani. Ko tacewa da ƙyalle ba abin rainawa ba ne. A ƙauyukan Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi. Sai wanke hannu da sabulu, ko da toka in babu, bayan fitowa daga masai, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin taɓa abinci.

Akwai gubar da tafasawa ba ta kashewa, kuma wannan ya shafi samarinmu masu zuwa haƙar zinare. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ba su taɓa gani ba. A Dareta da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, ana kawo dutsen zinare cikin gida ana daka ana niƙa, ashe yana cike da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, wankin dutsen ya gurɓata kududdufai. Yara sama da 400 suka rasu, wasu da yawa suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa, sai da ƙungiyar likitocin MSF ta shigo aka kankare ƙasar gidaje. Kada ku kawo dutsen ma'adini gida, kada ku wanke shi kusa da inda ake sha. Haka nan maganin feshi. Mu manoman masara ne da dawa da auduga, feshi ya zama ruwan dare, amma ana wanke injin feshi a ƙoramar da na ƙasa ke sha, ana kuma ɗauraye robar magani a mayar da ita gorar ruwan zuwa gona. Babu ɗaurayar da take fitar da guba daga jikin roba. A huda ta a binne nesa da rijiya.

Fiya wata ma ba duka ne ke da tsabta ba don an ƙulle shi a leda. Ku duba lambar NAFDAC, ku wanke bayan ledar kafin ku sa haƙori, don hannuwa da yawa sun taɓa ta. Zoɓo da kunun zaƙi da fura da kuke saye a kasuwa ko a tasha, da ruwa aka haɗa su, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Idan ke ce mai yin na sayarwa, 'yata, amanar cikin mutane tana hannunki.

Duk da haka wata rana gudawa za ta zo, watakila da tsakar dare, a lokacin da babu mai iya hawa babur zuwa Babban Asibitin Ƙanƙara saboda hanya. Abin da za ku yi a awannin nan shi ne zai raba rai da mutuwa. Ku ajiye fakitin ORS da ƙwayar zinc a gida tun kafin buƙata ta taso. In babu, ku haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. A dinga ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, jariri kuma kada a cire shi daga nono. Kuskuren da ya fi kisa shi ne hana mai gudawa ruwa wai don ta tsaya, ko dogaro da Flagyl da kafso daga mai tallar magani alhali jiki yana bushewa. Wannan ɗan haɗi na gishiri da sukari ba ƙaramin abu ba ne. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare ana tsakiyar kwalara, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su dinga ba su ruwan gishiri da sukari da baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Idan kuka ga ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha ko ya yi laushi, ko akwai jini a bayan-gida, to da zarar hanya ta samu sai asibiti, ana tafe ana ba shi ruwan gishiri da sukarin. Idan kuma mutum biyu ko uku a unguwa suka kwanta lokaci guda, ku sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya a ranar, kada kunya ta sa a ɓoye.

Ban faɗi duk wannan don in sauke wa hukuma nauyinta ba. Samar da ruwa mai kyau haƙƙinku ne a kanta. Tun a watan Nuwamba na 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, jiha kuma tana da hukumar RUWASSA don ruwan karkara, Jigawa ma a 2022 ta zama jiha ta farko da aka shaida ta daina bayan-gida a fili. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ɗan majalisar tarayya guda gare su, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli. Da yawanku kun isa jefa ƙuri'a, kuna da waya a hannu. Ku zagaya mazaɓarku ku rubuta famfunan tuƙa-tuƙa nawa ne, nawa ke aiki, nawa suka mutu, tun yaushe, kuma me ya lalace. Sau da yawa za ku tarar ɗan ƙarfe ne ko roba da kuɗinsa bai kai na buhun masara ba, amma ya tsayar da famfo shekara guda saboda kowa yana jiran wani. Irin wannan, ƙungiyar matasan unguwa tana iya yin karo-karo ta gyara, ta yi wa rijiya dakali da murfi, ta kafa sandar rataye guga, ta tura mutum biyu su koyi gyaran famfo. Wanda ya fi ƙarfinku kuwa, ku kai takardar ga kansila da hannunku, da sunan unguwa da ranar da famfon ya tsaya, ku ajiye kwafi, ku koma bayan wata guda ku tambayi inda aka kwana.